Ƙwaryar da ta Tare Ruwan Gobara

Kafin liman ya shafa addu'a ranar Juma'ar nan, hayaƙi ya riga ya turnuƙe saman siton 'yan kasuwa da ke bakin hanyar Magama. Kafin kuma a gama kashe wutar, mutanen tasha sun riga sun zauna shari'a sun yanke hukunci. Wuta na ci, baki na ci, amma na bakin ya fi sauri.

Daminar da aka rufe iyaka ce. Manyan motoci sun yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, masu kaya suka gaji da jira suka yi ta saukewa a sito har ya cika ya batse. Wutar kusurwar yamma kaɗai ta ci, inda dilolin atamfar Hajiya Zaituna suke jingine da buhunan aya. Sai dai abin da ta ci ɗin ta cinye shi ƙurmus.

Wanda aka kama Sha'ibu ne, wani ɗan dako mutumin Maraɗi, ƙato mai ƙarancin magana. Ranar Laraba kowa ya ji Dalhatu mai kula da sito yana yi masa tatas a gaban jama'a saboda ya jibga buhuna har kusa da rufi. Yau kuma an ga ya zabura ya bar masallaci daga sallamewa, ko addu'a bai tsaya ba. Wata mai gyaɗa ta rantse ta gan shi ya fito ta ƙofar baya a guje, da wani kaya a gadon bayansa lulluɓe da zane. Da ya dawo babu kayan, babu rigarsa ta Juma'a, sai aka yi masa ca. Ya saci atamfa, ya cinna wuta don ya rufe ɓarna, ya kuma huce haushin Laraba. Magana ta haɗu daidai wa daida, har ta fi ƙarfin a sake dubawa.

Sarkin Kasuwa ya sa aka ɗaure shi a ofishin sito, ya aika wa 'yan sanda su zo bayan magariba. Sannan ya aika a kira Manu mai bin sawu ya nemo inda aka ɓoye kayan.

Manu Bafulatani ne zaunanne, shanunsa sun ƙare tuntuni amma idonsa bai ƙare ba. Tun yana saurayi yake bin sawun dabbar sata daga nan har cikin Nijar. Kansa kullum a sunkuye yake, har ana tsokanarsa cewa ƙafar mutum yake fara gaisarwa kafin fuskarsa. Ya iso da sandarsa a kafaɗa, ya tarar da Hajiya Zaituna zaune a kan benci ido jajir.

"Malam Manu, ko turmi goma ne ka nemo mini," in ji ta. "Abin da na tara tun rasuwar maigidana ke nan a kusurwar can."

"Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Abin da ƙasa ta hwaɗa mini shi zan hwaɗa miki."

*

Ya fara shiga wajen Sha'ibu. Yana zaune a ƙasa daga shi sai singileti, hannuwa ɗaure ta gaba, gefen bakinsa a fashe. Abin da ya ba Manu mamaki shi ne yaron ba ƙofa yake kallo ba, inda masu son dukansa suke leƙe. Taga yake kallo, inda hadari ya fara haɗuwa a gabas.

"Ɗana, kai ka sa wutar?"

"Wallahi Baba ban sa ba."

"To mi ka goyo?"

Sha'ibu ya sake duban taga.

"Baba, ka roƙa mini su. Su sake ni kaɗan, in tahi in dawo. Na rantse da Alƙur'ani ina dawowa, su ɗaure ni su kai ni inda sunka ga dama. Kahin ruwan nan shi sauko dai."

Waɗanda ke bakin ƙofa suka kwashe da dariya. Wani ya ce ai kura ma in ta roƙi a sake ta cewa take za ta dawo. Manu bai yi dariya ba. Ya ga ɓarayi da yawa a ɗaure, kowanne fatarsa yake ji. Bai taɓa ganin wanda ruwan sama ya dama ba, sai ko in abin da ya ɓoye ruwa na iya cutar da shi. Ya tsuguna ya ɗaga takalmin yaron ya duba ƙasansa: na tayar mota ne, dunduniyar hagu ta cinye. Ya ajiye ya fita.

*

Lado maigadi shi ne na biyu, don tun ɗazu wasu ke raɗa cewa ba ya rabuwa da sigari. Manu ya same shi a bakin ƙofar sito.

"Ina kake sa'ad da ta tashi?"

"Masallaci, Malam. Sahu na ukku, a tambayi kowa."

"Sigarin hwa?"

Lado ya sunkuyar da kai. "Ina sha, amma ba nan ba. Surukina na da shago daura da ƙohwa, kunyarsa nike ji."

Ya kai Manu can bayan wani gini, gindin dalbejiya, nesa da sito. Guntayen sigari ne birjik, da sawun mutum guda da ya saba tsugunawa wuri guda. Manu ya yi murmushi ya ce masa ya je, laifinsa tsakaninsa da huhunsa ne da surukinsa.

Sai kuma aka taso da zancen jarka. An tsinci wata jarka mai warin fetur jikin bangon sito, kuma kowa ya san ta Nagoggo ce mai sayar da mai a kwalabe. Nagoggo ya yi ta rantsuwa har da hawaye. Manu ya ɗaga jarkar. Ƙasar da ke ƙarƙashinta busasshiya ce ƙamas, alhali an yi ruwa da safe, ga kuma tururuwa sun yi gida a gindinta.

"Wagga jarka ta kwana biyu ba wanda ya taɓa ta," ya ce. "Ku duba gindinta, a hwashe take."

Mutane suka ɗan ji kunya, amma kaɗan. Cewa suka yi ai dama sun faɗa, Sha'ibu ne.

*

Dalhatu ya shiga da shi cikin siton. Saurayi ne siriri mai tabarau, kuma duk duniya ba abin da yake ji da shi kamar jajayen bututun da ke shimfiɗe a ƙarƙashin rufin nan. Ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta sa aka haɗa su lokacin da aka gina siton, shi kuma ya bi masu aikin ya koya. Yanzu ruwa ya jiƙa ko'ina, sawun masu kashe wuta ya dagule ƙasa, ba abin da mai bin sawu zai karanta.

"Dubi sama, Baba," in ji Dalhatu. "Kowane taku biyar akwai kan feshi guda. Cikinsa 'yar kwalba ce kamar tsinken ashana. Zafi na kai mata sai ta fashe, ruwa ya buɗe kamar laima. An auna tazarar ne yadda laimar wannan za ta taɓa ta wancan, kada a bar wa wuta wurin zama."

Ya nuna wani jan layi da aka ja a bango, ya zagaye siton duka.

"Wancan kuma iyakar kaya ce. Tsakanin kan feshi da saman buhu sai an bar kamu guda, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. In kaya ya matse shi, ruwa ba zai buɗe ba, saman buhu ɗaya zai jiƙa wuta na ci daga ƙasa. A kan layin nan suka sa mini suna Sarkin Jan Layi. A kansa na yi wa Sha'ibu faɗa, don nan kusurwar ya ɗora buhuna har sun wuce shi. Na ce ya sauke, ya ce to, bai sauke ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni kuma aiki ya sha mini kai ban koma ba."

"To ko da haka, na tsakiyar kusurwar hwa? Shi ba buhu ƙarƙashinsa."

"Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Na gefe buhuna sun toshe su, na gane. Amma wannan shi kaɗai ya isa ya riƙe wutar tun tana ƙarama."

Manu ya tsuguna cikin tokar. Ragowar buhunan da suka ƙone ba a jere suke yadda 'yan dako ke jera kaya ba. Sun yi bango uku, tsakiya fili, da wani tudu kamar gado a jikin bango inda rufin ya yi ƙasa. Ya tona da sanda, ya ci karo da gefen tabarma, sannan wani tsingaro. Tokar da ke cikin tsingaron daban take, fara, marar nauyi, da ɓurɓushin ciyawa. Ya murza ya shinshina, sai ƙuruciyarsa ta faɗo masa gaba ɗaya: busasshen kashin shanu ne, irin wanda ake turara wa maruƙa da damina don sauro.

Yana nan tsugune wani ɗigo mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa. Ya matsa, wani ya sake sauka a tabarmar. Mutumin da ya shekara arba'in yana kallon ƙasa, ranar nan dole ta sa ya ɗaga kai.

Can cikin duhun rufin, ƙwarya ce rataye a cikin ragaya, igiyar nan da mata ke saƙawa su rataye ƙwaryar nono don kyanwa da kiyashi. An ɗaura ta a jikin jan bututun, bakin ƙwaryar ya rufe kan feshin ruf. Gindinta ya yi baƙi ƙirin ya tsage, amma cike take da ruwa. Kwalbar ta fashe a kan lokaci, ruwa ya zo, sai dai maimakon ya buɗe ya rufe kusurwar, cikin ƙwarya ya yi ta zuba yana tsiyaya wuri guda.

Dalhatu ya kawo tsani ya hau. "Inna lillahi. Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?"

"Kar ka yanke igiyar. Kwance ta ka miƙo mini."

Ya kasa kwancewa. Manu ya ce ya ja guntun bakin da ya leƙo ta hagu, yana ja kuwa ƙullin ya warware gaba ɗaya. Ƙullin dangwali ne, wanda ake ɗaure ɗan maraƙi da shi: ba ya shaƙewa, ba ya zamewa, ja ɗaya yake kwancewa. Ba ɗan dako ne ya yi shi ba. A ƙasan ƙwaryar kuma ga ludayi, ga sauran fura ta narke.

"Ba maƙiyi ba ne," in ji Manu a hankali. "Maƙiyi ba ya barin hurarsa. Riƙe ta a wurinka, kada ka nuna ma kowa sai na dawo."

*

Ƙofar baya makullinta ya lalace tun da kaya suka yi yawa, da waya ake ɗaure ta. Masu kashe wuta ta gaba suka bi, don haka ƙasar nan tana nan da labarinta. Ga takalmin taya mai cinyayyar dunduniya ya shiga a guje. Ga shi ya fito ya nutse cikin laka, alamar nauyi.

Manu ya bi. Ya san tafiyar ɗan dako da buhu: yana dukan ƙasa da dunduniya, ya miƙe sak, kwata ko ƙaya duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan kuwa da yatsu yake tafiya. Ya zagaye kwata maimakon ya tsallake. Inda reshen ƙaya ya sunkuyo kan hanya, ya ratse ya ba shi wuri, alhali shi kansa zai wuce lafiya. A gefen dama kuma wani siririn zane ne a ƙasa yana bin sawun, yana ɓacewa yana dawowa. Bakin sanda ne ke jan ƙasa, kuma dilar atamfa ba ta riƙe sanda.

Sawun ya bar bayan gari ya shiga gonakin gero ta hanyar ƙauyen Kusa. Geron ya fi mutum tsawo, iska ta fara kaɗa shi. Manu ya ƙara sauri duk da gwiwarsa na ƙara, don ya gane abin da yaron nan yake gani ta taga.

Wata bukkar gona ce da rabin rufinta ya zube. A ciki wata tsohuwa ce zaune a kan farar rigar Juma'a da aka shimfiɗa mata, 'yar ƙarama, ta rungume sandarta. Gefen zanenta ya babbake. Da ta ji motsi fuskarta ta washe, da ta ga ba wanda take jira ba ne ta koma yadda take.

Manu ya yi sallama ya tsuguna nesa kaɗan.

"Sannu Goggo. Wa kike jira nan cikin gona?"

"Ɗana. Ya ce in zamna nan kada in motsa, shina zuwa."

"Wane ne ɗan naki?"

"Abdulfatah mana. Shina dako a tasha, kowa ya san shi. Ni ce Hajo uwarsa."

Kowa kuwa ya san Abdulfatah. Bara da kaka wata babbar mota ta zame ana sauke kaya ta danne shi, duk tasha ta raka shi makwancinsa, Manu ma ya zuba masa ƙasa. An aika ƙauyensu can wajen Ɗan Isa cikin Nijar aka faɗa, daga nan ba wanda ya sake tambayar wa ya bari.

"Wasu sun ce mini wai ya mutu," ta ce, kamar ta ji tunaninsa. Ta yi 'yar dariya. "Mutane da ƙarya. Na taho da ƙahwata na gan shi cikin tasha da buhu bisa kai. Ya rame dai, muryarsa ta sake. Na kama hannunsa na ce Abdulfatah, ya ce na'am Inna."

"Ya ba ki ɗaki?"

"Ɗaki mai kyau, ba ya yoyo. Sai dai ba maratayi, kiyashi na shiga mini hura. Sai na ga wani jan ƙarhe a sama, na taka gado na ɗaura ragayata." Ta dube shi da alfahari. "Ni na saƙa ta. Sauro ne dai ya yi yawa. Na tsinto kashin shanu da sahe da ya hito da ni, na yi musu hayaƙi yadda nike ma maruƙanmu. Barci ya kwashe ni, sai na ji ya sungume ni."

Tausayi ya cika wa Manu ciki har ya rasa inda zai sa idonsa. In ya koma ya ce sawu ya ɓace masa, bayan magariba mota za ta tafi da Sha'ibu a matsayin ɓarawo mai cinna wuta, tsohuwar nan kuma ta yi ta jira har Allah Ya yi ikonSa. In ya faɗi gaskiya, ya miƙa ta ga mutanen da suka fasa wa ƙato baki ɗazu. Abin da yaron ya gwammace ya sha duka a kansa ke nan. Amma Manu bai taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba, kuma ba ya jin yau ce ranar farawa.

"Goggo, tashi. Ɗanki ne ya aiko ni, aiki ya riƙe shi."

Ya naɗe rigar ya saɓa, ya miƙa mata bakin sandarsa ta riƙe, suka kama hanya sannu a hankali.

*

Rana ta yi ja lokacin da suka iso. Ya zaunar da ita a rumfar wata mai koko da ke gefe, ya roƙa a ba ta ruwa, sannan ya ƙarasa gaban sito. Jama'a sun cika. Sarkin Kasuwa na kan kujera, Hajiya Zaituna a gefensa. An fito da Sha'ibu an zaunar a ƙasa, Lado da Nagoggo suna tsaye a raɓe don ba su tabbata an gama da su ba.

"Malam Manu, ka ga kayan?" in ji Sarkin Kasuwa.

"Na gani, ranka shi daɗe. Amma a bar ni in jera magana yadda ta zo."

Ya sallami Lado da sigarinsa, ya sallami Nagoggo da jarkarsa. Sannan ya ce Dalhatu ya kawo abin da ke hannunsa. Da Sha'ibu ya ga ƙwaryar sai ya runtse ido. Dalhatu ya yi bayanin yadda ta tare ruwan, da yadda buhunan da suka wuce jan layi suka toshe na gefe. Bai ɓoye cewa ya gani tun Laraba bai koma ba.

"Buhunan nan ba don ƙeta aka ɗaga su ba," in ji Manu. "Wuri aka buɗe a tsakiya, shi ya sa sunka hau sama. Ɗaki aka yi ma wani. Wutar kuma hayaƙin sauro ce ta kubce. Ba a saci ko ƙyalle ba, Hajiya. Mutum ya goyo." Ya juya ga Sha'ibu ya ajiye masa rigarsa a cinya. "Tana lahiya, ɗana. Ta sha ruwa. Sauran kai za ka hwaɗa."

Sha'ibu ya kifa fuska cikin rigar, kafaɗunsa suka yi ta girgiza. Da ya ɗago, bai kalli kowa ba.

"Uwar Abdulfatah ce. Hankalinta ya taɓu tun rasuwarsa. Ta zo tasha tana cigiya, yara na jihwarta suna ce mata mahaukaciya. Ta kama ni ta kira ni da sunansa. Ni ban san uwata ba, ina goye ta rasu. Ba wanda ya taɓa riƙe ni haka. Sai na amsa. Ba ni da ɗaki, rumhwa nike kwana, ga ruwa kullum. Na tambayi gida biyu, sunka ce ba su ɗaukar mai taɓin hankali. Na ji tsoro in na hwaɗi a sa mata mari ko a tsallaka iyaka da ita a yar. Laihina ne, ni na ɗaga buhunan. Ku kai ni, amma don Allah kada a taɓa ta."

Yawancin waɗanda ke tsaye Abdulfatah ya ɗauki kayansu a kansa shekara da shekaru, kuma ba ɗaya da ya san sunan uwarsa. Wani daga baya ya fara cewa ai duk da haka dukiya ta salwanta, sai ya ga ba mai taya shi ya yi shiru. Hajiya Zaituna ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Asarar tana nan daram, gaskiya ba ta dawo mata da ko yadi ɗaya ba, kuma an ga hakan a fuskarta.

"Ranar da motar ta zame," ta ce da ƙyar, "kayana Abdulfatah yake saukewa."

Ba ta ƙarasa ba aka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Inna Hajo ta gaji da jira. Mutane suka dare mata, ta ratsa su ba ta ga kowa ba sai mutum ɗaya. Ta tsaya a kansa, ta ga bakinsa, ta ga igiyar.

"Wa ya ɗaure mini ɗa?"

Ta durƙusa, ta sa 'yan yatsunta ta fara kwance ƙullin tana mita cewa wanda ya yi shi bai iya ɗauri ba, zai ji wa yaro ciwo. Ta daɗe tana fama. Sarkin Kasuwa na kallo, masu dukan ɗazu na kallo, ba wanda ya ɗaga hannu ya hana, har igiyar ta faɗi ƙasa.

Hajiya Zaituna ta tashi ta yaye mayafinta ta rufa wa tsohuwar a kafaɗa, ta rufe babbakakken zanen.

"Akwai ɗaki a gidana kusa da nawa, Inna. Da maratayi, da gidan sauro." Ta juya ga Sarkin Kasuwa. "Ranka shi daɗe, in 'yan sanda sun zo a ce musu gobara ce. Mai kaya ba ta kai ƙara."

Sarkin Kasuwa ya gyaɗa kai, ya yi gyaran murya don ya ɗaure maganar. "To shi ke nan. Amma gobe da sahe duk buhun da ya wuce jan layi a sauke shi, ko na wane ne. Kai kuma Sha'ibu, da kai za a..."

Tsohuwar ta ɗago, ta dubi Sarkin, ta dubi yaron da take riƙe da hannunsa. Wani abu kamar tsoro ya gilma a idonta.

"Wane ne Sha'ibu?"

Duk sawun da Manu ya bi yau, nan ya kawo su, kuma nan ba abin da idonsa zai iya. Mutum fiye da ɗari, kowa ya san amsar, kowa ya kafe.

Dalhatu ne ya matso, Sarkin Jan Layi da bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya tsuguna ya miƙa mata ƙwaryarta da hannu biyu.

"Wani ne can, Inna, ba ki san shi ba." Ya juya. "Abdulfatah, tashi ka kai tsohuwarka gidan Hajiya."

"Na'am," in ji Sha'ibu. Ya juya mata baya ya durƙusa, ta hau.